Jawabin Wakili Badaru

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa Malam Jibirilla ya ba ku haushi, ni ma ya ba ni. Amma ku ɗan zauna a kujerarsa tukuna kafin ku yanke masa hukunci.

*

Ranar Litinin ɗin nan Malam Jibirilla ya shiga aji bai kalli kowa ba. Taswirar Faransa ya rataya, ya ɗauki alli ya rubuta sunayen koguna huɗu a allo, ya ce a kwafa.

Ɗalibai talatin da ɗaya, babu wanda ya buɗe littafi.

Sati uku ke nan yana koya musu abin da babu shi a manhajar gwamnati. Ya faɗa musu cewa Kamaru ba mallakar Faransa ba ce irin Senegal ko Gabon, amana ce aka ba ta ta riƙe, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda mutanen Douala ke kira Onu, tana da ikon tambayar yadda ake riƙon. Ya raba musu ƙasashe, wannan Indiya, wannan Amurka, wannan Faransa, suka zauna kamar majalisa suna ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa ba su ji ba. Ya nuna musu cewa ko mai sayar da gawayi a New Bell yana da damar rubuta kokensa ya kai wa Onu. Darasi ɗaya ya rage ya kammala.

Sai ranar Juma'ar da ta wuce Musyu Dikonge, mai kwalejin, ya kira shi ofis. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi tun rikicin watan Mayu idon 'yan sanda yana kan kowace makaranta a New Bell, ga baƙin Onu sun sauka a gari domin duba ƙasa, in aka ƙara jin maganar amana a ajinsa za a janye musu izini, yara ɗari biyu su koma titi. Ya raka shi har bakin ƙofa ya dafa kafaɗarsa.

"Koguna, Musyu Jibril. Koguna da duwatsu."

Shi ya sa yau ake kan koguna.

Hapsatu ce ta miƙe. Ita kaɗai ce Bahaushiya a ajin, 'yar Wakili Badaru, wakilin Sarkin Hausawan New Bell. Shekararta goma sha bakwai, kuma ba ta cika magana ba sai ta tabbata.

"Musyu, ina da tambaya."

"A kan kogin Loire?"

"A'a. Abin da ka koya mana sati ukun nan, gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Bai juyo ba.

"Gaskiya ne. Amma ba ya cikin jarrabawa. Zauna."

"In gaskiya ne me ya sa muka daina?"

Daga bayan aji Hayatu, wani dogon saurayi ɗan Ngaundere, ya ce da Faransanci ai kogin Loire bai taɓa kai mutum komisariya, ofishin 'yan sanda, ba. Aji ya fashe da dariya. Allin da ke hannun Jibirilla ya karye biyu. Ya sunkuya ya ɗauki guntun, ya ci gaba da rubutu, yana jin idanuwansu a ƙeyarsa. Shi ya koya musu yin tambaya. Yanzu ga shi tsaye yana faɗa musu tsawon kogin da babu ɗayansu da zai taɓa wanke ƙafa a ciki.

Da aka tashi kowa ya watse, ita ta tsaya. Ta bari sai da ya naɗe taswirar sannan ta matso, ta koma Hausa.

"Malam, don Allah duba wannan."

Takarda ce shafi biyu, bugun keken rubutu. Ta yi masa bayani a gurguje. Ranar Alhamis za a tara shugabannin unguwanni gaban baƙin Onu, Sarki ba shi da lafiya, mahaifinta ne zai tsaya a madadin Hausawa. Daga ofishin wani Bature mai kula da unguwannin baƙi aka aiko da jawabin a rubuce. Tafinta ya ce musu gaisuwa ce da godiya kawai. Ita kuma ranar Asabar ta ga takardar a kan darduma ta karanta.

A tsaye ya fara karantawa, kafin ya kai ƙarshen shafin farko ya zauna a kan benci.

Gaisuwar tana nan, godiyar tana nan. Sai sakin layi na huɗu. Wai Hausawan New Bell sun san su baƙi ne a wannan ƙasa, ba su da ta cewa a kan makomarta, kuma da yardarsu za su tashi daga gidajen da ke gefen layin dogo, daga masallaci har kasuwar goro, domin a fitar da sabon titi.

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Ya ce me?"

Ta sunkuyar da kai. Wai ya ce shekara nawa ta yi a boko da za ta fi tafintan gwamnati jin Faransanci, ya fizge takardar, ya ce in ya ƙara ganin hannunta a kan kayansa ta gama makaranta. Wannan da ta kawo ma sata ta yi da safe daga aljihun rigarsa.

"Kai zai ji maganarka, Malam. Kai namiji ne, kuma shi ya rene ka."

Jibirilla ya daɗe yana kallon takardar. Gidan mahaifiyarsa Inno yana cikin layin da aka ambata, na uku daga masallaci.

"Ki je gida. Ina zuwa bayan la'asar."

*

Ruwan safe bai gama tsanewa ba, lungunan unguwar duk caɓi. Ya bi ta kan katakan da aka shimfiɗa a kan kwata, ya wuce masu tukuba suna hura wuta, ya yi sallama a ɗakin baƙin Wakili.

Dattijon yana zaune tsakanin huhunan goro, yana zaɓar na kirki yana ware masu tsutsa. Ya amsa sallamar da fara'a, ya tambayi Inno da ciwon ƙafarta, ya miƙo masa farin goro. Jibirilla ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Tun yana ɗan shekara bakwai mutumin nan ya kama hannunsa ya kai shi makarantar boko, lokacin da duk unguwa ke cewa an kai maraya wurin kafirai.

Ya ajiye takardar a gabansa.

Wakili ya kalle ta, ya kalli ƙofar cikin gida.

"Baba, kar ka yi mata faɗa. Ni na ce ta ba ni."

"Ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya faɗa. Ya fassara masa takardar layi bayan layi, bai tsallake kalma ba. Daga nan ya shiga bayani irin na aji, har ya manta a gaban wa yake. Ya ce ƙasar nan kamar gidan maraya ce da aka damƙa wa wani riƙo kafin yaro ya girma, baƙin nan kuwa su ne dangin da ke zuwa lokaci lokaci su ga ko ana cutar yaron. Ya ce duk abin da aka faɗa a gabansu rubutawa suke yi, su tafi da shi New York, wakilan ƙasashe su karanta. In Wakili ya tsaya ya ce Hausawa sun yarda su tashi, shekara goma nan gaba duk wanda ya yi kuka za a buɗe littafi a nuna masa cewa wakilinsu ne ya faɗa da bakinsa.

Wakili yana ta ware goronsa har ya gama.

"Ka ƙare?"

"Na ƙare, Baba."

"Na san abin da ke ciki."

Jibirilla ya ɗago.

"Tun ranar da aka kawo ta na sa wani akawun jirgin ƙasa ya karanta min a asirce. Kana ganin shekara arba'in ina ciniki da mutanen da ba na jin yarensu, zan tsaya gaban jama'a da takardar da ban san cikinta ba?"

"To me ya sa ka ƙaryata Hapsatu?"

"Don ta sauke kayan da ba nata ba. Ita yarinya ce."

Zuciyar Jibirilla ta fara tafasa. Ya yi ƙoƙarin riƙe muryarsa amma ta ƙi.

"Ka sani, kuma za ka karanta? Masallacin nan da hannunka ka ɗora masa kwano. Mutum nawa ne za su kwana a waje? Baba, dama ɗaya ce, sai bayan shekara uku baƙin nan za su dawo."

"Rage murya, akwai mata a ciki."

Ya ture tiren goron gefe. A hankali ya ba shi labarin yadda aka yi. Sati biyu da suka wuce Baturen ya kira shi shi kaɗai, ya ba shi kujera, har da ruwan sanyi. Sannan ya buɗe wani babban littafi. Sunayen magidanta ne, ɗari da arba'in da wani abu, duk waɗanda asalinsu ƙasar Ingilishi ce, Kano da Zariya da Yola da Bida. Baturen ya ce shi ba ya son tashin hankali, amma doka ta ba shi ikon mayar da duk baƙon da ba shi da takardar zama zuwa inda ya fito, kuma motoci uku sun isa a fara. In jawabin Alhamis ya tafi daidai, littafin zai koma cikin durowa. Waɗanda titi ya ci gidajensu za a nuna musu fili a bayan gari.

"Fili a bayan gari ko mota zuwa iyaka. Zaɓin da aka ba ni ke nan. Kai mai ilimi, wanne za ka ɗauka?"

"Ba shi da wannan ikon yadda yake faɗa. Yarjejeniyar amana ta ce mazauna ƙasa, ba ta ce haifaffun ƙasa kaɗai ba. In ka faɗa wa baƙin abin da ya yi maka…"

"Kwana nawa ya rage musu a Douala?"

"Huɗu."

"Shi Baturen fa?"

Duk littattafan da Jibirilla ya karanta, duk daren da ya yi yana kwafar sassan yarjejeniyar da hannu, babu inda aka amsa wannan tambayar.

Duk da haka bai haƙura ba. Ya ce to a bar shi shi ya yi magana. Shi haifaffen New Bell ne, takardarsa na nan, babu mai sa shi a mota. Zai nemi izini ya tsaya a matsayinsa na malami, ya faɗi abin da Wakili ba zai iya faɗa ba, in aikinsa ne zai tafi ya tafi.

Dattijon ya dube shi, irin duban da ake yi wa mara lafiyar da bai san ciwonsa ba.

"Sunanka na cikin littafin, Jibo."

"Sunana? Ai kuskure ne."

"Ba kuskure ba ne."

Wakili ya ci gaba, idonsa a kan tabarma. Ya ce ba a New Bell aka haife shi ba. A Ibi aka haife shi, bakin Binuwai, ƙasar Ingilishi. Mahaifinsa ya rasu a hanya suna tahowa fatauci, Inno ta iso Douala da shi a goye yana ɗan shekara biyu, ba ta san kowa ba sai sunan Badaru da mijinta ya bar mata. Da lokacin makaranta ya yi aka ce sai ɗan ƙasa mai takardar haihuwa. Shi Badaru ya ɗauki mutum biyu suka je gaban alƙalin Turawa, suka shaida cewa a gidan nan aka yanke masa cibiya.

"Na yi rantsuwa a kan ƙarya saboda kai, kuma har gobe ina neman gafarar Allah. Ɗaya daga cikin shaidun ya rasu. Ɗayan yana nan da rai, kuma ya yi magana."

Jibirilla ya ji kamar an zare katakon da yake zaune a kai. Takardar firamare, ta sakandare, izinin koyarwa, duk a kan waccan takarda ɗaya aka gina su.

"Inno ta sani?"

"Ita ta roƙe ni kar a faɗa maka."

"Shekara ashirin da biyu kuna ɓoye min."

"Da ka sani da me za ka yi? Ka fasa karatun?"

Goron da aka ba Jibirilla yana nan a tafinsa, ya matse shi har ya dare.

"Saura guda," in ji Wakili. "Da ba ka zo ba ma gobe zan aika a kira ka. Baturen ba ya son tafintansa ya karanta jawabin. Ya ce ni in yi gaisuwa da Hausa, sannan wani ɗanmu mai ilimi, sanye da kwat, ya karanta sauran da Faransanci, baƙi su ga irin yaran da aka ilimantar. Kai ya ambata da suna."

Dariya ce ta kuɓuce wa Jibirilla, marar daɗin ji.

"Ni zan tsaya in ce mu baƙi ne, ba mu da ta cewa? Ɗalibaina za su zo wurin, Baba. An ce kowace makaranta ta kawo yara su ɗaga tuta."

"Su ɗaga."

"Sati uku ina faɗa musu suna da baki."

"To ranar Alhamis sai su koyi sauran karatun. Ni ban ce daidai ba ne. Na ce uwarka ba za ta iya zaman bayan mota kwana biyar da wannan ƙafar ba."

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Hapsatu ce, riƙe da butar shayi da kofuna biyu a faranti. Daga ganin fuskarta duk suka gane ta daɗe a wurin. Ta ajiye, maimakon ta juya sai ta durƙusa nesa kaɗan da mahaifinta.

"Koma ciki," ya ce.

"Baba, akwai maganar da ya kamata ku ji."

"Na ce ki koma."

"Mun riga mun kai takarda."

"Wace takarda?" in ji Jibirilla.

Da ƙyar maganar ke fita, amma ta faɗe ta duka. Ranar Asabar da mahaifinta ya ƙi saurarenta, ta faki idonsa ta kwafe sakin layi na huɗu ta kai wa Hayatu. Ranar Lahadi su tara suka haɗu a gidan yayarsa, suka rubuta koke kamar yadda aka koya musu, da kwanan wata, da sunan unguwa, da abin da ake nema. Suka ce Hausawan New Bell ba su yarda su tashi ba, kuma jawabin da za a karanta ranar Alhamis a ofis aka rubuta shi. Yau da hutun tsakar rana Hayatu ya hau keke ya je Bonanjo, masaukin baƙin, ya miƙa wa sakatarensu hannu da hannu. Har an buga masa hatimi a wata 'yar takarda an ba shi.

Jibirilla ya rufe fuskarsa da tafukansa.

"Malam, ai kai ka ce kowa yana da dama."

"Na ce."

"To me muka yi ba daidai ba?"

Ya sauke hannuwansa.

"Akwai abin da ban kai ga faɗa muku ba. Duk koken da baƙin suka karɓa, sai sun ba hukumar ƙasar kwafi domin ta kare kanta. Da duk abin da ke ciki. Da sunan wanda ya sa hannu."

Ya ga lokacin da maganar ta shige ta. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya.

Shi kuwa lissafi ya fara a zuci. Yara tara. Za a kore su, wannan babu makawa, wataƙila a tsare mazan kwana biyu. In ya je wurin Musyu Dikonge tun yau ya ce aikin aji ne, shi ya sa su, laifin zai dawo kansa, shi da ma tasa ta ƙare.

"Faɗa min sunayen. Su wa da wa suka sa hannu?"

"Ba mu sa sunayenmu ba."

"Ba suna kuka kai ta?"

"Hayatu ya ce takardar 'yan makaranta ba za a kula ta ba. Sai ta babban mutum."

Wakili ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Wane babban mutum?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ni nake rubuta maka wasiƙun Ngaundere da na Kumba, Baba. Na san yadda kake sa hannunka da ajami. Na ɗauka in Malam ya karanta maka za ka yarda, sai ta zama takardarka da gaske."

Jibirilla ya jira mari, ko tsawa, ko salati. Babu wanda ya zo. Dattijon ya ɗauki hularsa daga kan huhun goro ya sa, ya gyara mata zama da hannu biyu, sannan ya dube shi.

"Kwafin nan da ka ce ana ba su. Kwana nawa yake ɗauka?"

"In ta gidan waya ne, wata da watanni."

"In hannu da hannu ne fa, a nan cikin gari?"

"Akwai jami'in Faransa da ke zaune tare da baƙin, Baba. Ko'ina suka je yana nan."

A lungunsu babu mai mota, ko ta haya ba ta shigowa saboda caɓi. Amma su ukun duka sun ji ƙarar inji tana matsowa a hankali, ta tsaya daidai ƙofar gidan, aka kashe.